Harajin AI don tallafa wa masu fasaha: wa zai biya, wa zai karɓa?

A watan Janairun 2025, Deezer, kamfanin sauraren waƙoƙi ta intanet da ke ƙasar Faransa, ya ce kullum ana ɗora masa waƙoƙi kimanin 10,000 waɗanda babu muryar mutum ko hannunsa a ciki, manhaja ce ta haɗa su tun daga kiɗa har baiti. Kafin Nuwamba na wannan shekarar adadin ya kai 50,000 a rana, wato kusan ɗaya bisa uku na duk sabbin waƙoƙin da ke shigowa shafin. Haka abin yake a fagen zane, rubutu da fassara. Wannan ambaliya ce ta sa ake ta tayar da maganar a sanya wa abin da ƙirƙirarriyar basira ta AI ke samarwa haraji, a tara kuɗin, a raba wa mawaƙa, marubuta, masu zane da 'yan fim.

Da jin maganar sai a ɗauka mai sauƙi ce. Amma masu kiranta da "harajin AI" ba abu ɗaya suke nufi ba, shi ya sa za ka ji wani mai kamfani yana goyon bayanta, wani mawaƙi kuma yana adawa da ita, alhali ana zaton akasin haka za a gani.

## Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Akwai lasisi, akwai diyya, akwai kuma haraji, kowanne da inda ya dosa.

Lasisi ciniki ne. Mai waƙa ko mai littafi ya yarda a yi amfani da aikinsa a kan farashin da aka daidaita, idan bai sallama ba kuma babu ciniki. Irinsa ne kamfanin waƙa na Universal Music ya ƙulla da Udio a Oktoban 2025, Warner Music kuma ya ƙulla da Suno wata guda bayan nan, duka biyun bayan an fara shari'a; Udio da Suno kamfanoni ne masu manhajar haɗa waƙa da AI.

Diyya kuwa biyan ɓarnar da aka riga aka yi ce. Mafi girma da aka gani zuwa yanzu ita ce ta Satumban 2025, lokacin da kamfanin AI na Anthropic ya amince ya biya dala biliyan 1.5 don sasanta ƙarar da marubuta suka shigar a Amurka, kimanin dala 3,000 a kan kowane littafi cikin littattafai kusan 500,000. Abin lura a nan shi ne alƙalin, William Alsup, ya riga ya ce horas da manhaja da littattafan da aka saya ta halaliyar hanya bai saɓa wa doka ba. Laifin da aka biya kuɗi a kansa shi ne kwaso littattafan daga shafukan satar fasaha.

Haraji ya bambanta da duka biyun. Ba a tambayar mai aiki ko ya yarda, ba a kuma buƙatar ya tabbatar cewa an taɓa nasa aikin. Doka ce ke yanka wani kaso, a karɓa daga kamfani, a zuba a asusu ɗaya. Wani lokaci ma kuɗin ba ya bi ta baitulmalin gwamnati, kai tsaye yake zuwa ga ƙungiyoyin da ke karɓa da raba kuɗin haƙƙin mallaka. Lauyoyi kan ce irin wannan ba haraji ba ne a zahirin ma'anarsa, amma ga wanda ake cira daga aljihunsa bambancin kaɗan ne.

## Asalin dabarar: zamanin kaset

Tunanin ya girmi kwamfuta. Da rikoda ta shiga gidajen mutane a Jamus ta Yamma, kowa ya samu damar naɗar waƙa daga rediyo ko daga faifan maƙwabcinsa. Ƙungiyar mawaƙan ƙasar, GEMA, ta nemi a tilasta wa masu shaguna su riƙa rubuta sunan duk wanda ya sayi rikoda daga katin shaidarsa, domin a bi shi a karɓi kuɗi. A 1964 babbar kotun tarayya ta ƙi, ta ce wannan leƙen asirin gidajen mutane ne. Sai majalisa ta ɓullo da mafita a dokar 1965: a bar mutane su naɗa don amfanin kansu, a ɗora ɗan kuɗi a kan kowace rikoda da aka sayar, a raba wa masu waƙa.

Faransa ta bi sahu a 1985, zamanin ministan al'adu Jack Lang, ta kuma ƙara wani abu da ya zama abin koyi: kashi 25 cikin ɗari na kuɗin ba a raba shi ga ɗaiɗaikun mutane, ana kashe shi a kan bukukuwan fasaha, horas da matasa da tallafa wa sabbin ayyuka. Daga kaset aka koma faifan CD, yau kuma wayar hannu da kwamfutar tafi-da-gidanka ake cajin.

Darasin shi ne: idan aka kasa hana abu, aka kuma kasa ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, sai a karɓi kuɗi a mashigar da kowa ke bi. Wannan ne Farfesa Martin Senftleben na Jami'ar Amsterdam ya ɗauko a 2023 ya ɗora a kan AI. A shawararsa, a daina jayayya a kan abin da manhaja ta karanta lokacin horo, a koma ga abin da take fitarwa. Duk kamfanin da manhajarsa ke samar da rubutu, hoto ko kiɗan da zai iya maye gurbin na ɗan Adam, ya biya dunƙulallen kuɗi gwargwadon kuɗin shigarsa ko yawan masu amfani da shi, kuɗin ya tafi asusun walwala da raya al'adu na ƙungiyoyin masu fasaha. Hikimar da ya gani a ciki ita ce kamfani zai iya kai aikin horo wata ƙasa mai sassaucin doka, amma ba zai iya kai kwastomominsa can ba.

## Me ya sa kotu ba ta wadatar ba

Mai karatu zai iya cewa: tunda akwai dokar haƙƙin mallaka, me ya hana a bar kotuna su yi aikinsu? Amsar ita ce kotunan kansu ba su yi magana da murya ɗaya ba. A Nuwamban 2025 kaɗai an samu hukunci biyu da suka fuskanci gabas da yamma. A Landan, kamfanin hotuna na Getty Images ya sha kaye a mafi yawan ƙorafinsa a kan Stability AI, kamfani mai manhajar ƙirƙirar hotuna. Mako guda bayan nan wata kotu a birnin Munich ta bai wa GEMA gaskiya a kan OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, ta ce haddace baitocin waƙa da manhajar ta yi kwafi ne. Ƙarar da jaridar New York Times ta shigar a kan OpenAI da Microsoft tun Disamban 2023 take.

A Tarayyar Turai, dokar 2019 ta ba da damar a tatsi bayanai daga ayyukan da ke intanet matuƙar mai aikin bai sanya alamar hani ba. Babban gidan jarida yana da injiniyoyin da za su sanya wannan alama. Mai zanen da hotunansa suka watsu a shafuka ɗari waɗanda ba nasa ba, ba shi da yadda zai yi.

Shari'a kuma ta mai ƙarfi ce. Wanda ke da waƙoƙi miliyoyi a rumbunsa zai iya ɗaukar lauya, ya kai ga teburin ciniki, ya fito da lasisi. Mai waƙa goma ba wanda zai kira shi. Masu goyon bayan haraji a nan suka fi kafa hujja: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma lasisi kaɗai ba zai sauya wannan ba, sai dai ya ƙara yawan gardawan.

Akwai alƙaluman da ake yawan ambatawa. Binciken da CISAC, uwar ƙungiyoyin haƙƙin mallaka ta duniya, ta fitar a Disamban 2024 ya yi hasashen cewa zuwa 2028 masu kiɗa za su iya rasa kashi 24 cikin ɗari na kuɗin shigarsu, masu harkar fim kashi 21, jimillar asarar shekara biyar ta kai Yuro biliyan 22. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu fassara da ɗora murya a fina-finai, da kashi 56. Hasashe ne, kuma daga ɓangaren da ke da ruwa da tsaki a rigimar, don haka a riƙe shi da wannan sanin. Amma a Birtaniya, tambayoyin da ƙungiyar marubuta ta Society of Authors ta yi wa mambobinta a 2024 sun nuna abin da ya riga ya faru ne: kashi 36 na masu fassara da kashi 26 na masu zanen littattafai sun ce sun rasa aiki saboda AI.

## A kan me za a ɗora harajin?

A nan ne maganar ta fara tauri. Idan aka ce "abin da AI ya samar", sai an fara gane shi tukuna. Deezer da kamfanin binciken ra'ayoyin jama'a na Ipsos sun gwada mutane a ƙasashe takwas, kashi 97 cikin ɗari sun kasa bambance waƙar manhaja da ta mutum. Manhajojin ganowa sun fi kunnen mutum, amma suna kuskure, musamman a rubutu. China ta wajabta sanya wa irin waɗannan kayayyaki alama tun 1 ga Satumban 2025, dokar AI ta Turai ma tana da irin wannan tanadi. Sai dai da zarar alama ta zama silar biyan kuɗi, kowa zai nemi hanyar goge ta.

Sannan ina iyakar take? Mawaƙiyar da ta rubuta baitinta, ta rera da bakinta, amma manhaja ta gyara sautin ta ƙara kiɗa, aikinta na mutum ne ko na inji? Marubucin da ya sa manhaja ta duba masa nahawu fa? Yawancin ayyukan da ke fitowa yanzu gauraye ne. Harajin da aka ɗora a kan kowane hoto ko kowace waƙa zai iya komawa kan waɗanda aka ce ana son a taimaka, domin su ma suna amfani da kayan.

Wannan ya sa mafi yawan masu nazari suka karkata ga cajin kuɗin shigar kamfani. Shi ma da nasa ƙullin. Manhaja ɗaya ce ke rubuta waƙa, ta rubuta lissafin kwamfuta, ta taƙaita wa likita rahoto. Wane kaso na kuɗin ne ya fito daga gogayya da masu fasaha? Kotun Tarayyar Turai ta taɓa fuskantar makamanciyar wannan tambaya a shari'ar Padawan ta 2010, inda ta ce ba daidai ba ne a caji na'urorin da kamfanoni suka saya don aikin ofis kamar yadda ake cajin na mai naɗar waƙa a gida. Duk dokar da ta caji komai da komai za ta haɗu da irin wannan ƙara.

Ga kuma batun yawa. A ɗauki lissafin CISAC ɗin da kansa: ta ce darajar kasuwar kiɗa da bidiyon AI za ta kai Yuro biliyan 64 a 2028. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan shi ne miliyan 640. Asarar da ta yi hasashe kuwa, idan aka raba biliyan 22 gida biyar, ta haura biliyan huɗu a shekara. Ƙaramin haraji ba zai cike wannan rami ba, babba kuma kamfanoni ba za su karɓe shi hannu biyu ba.

## Abin da ake bayarwa a madadin kuɗin

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi tsallakewa a muhawara, kuma shi ne ya raba kan masu fasahar kansu.

A tsarin kaset, harajin musaya ne: an biya, saboda haka naɗa ta halatta. Idan aka kwaikwayi wannan, kamfanin AI da ya biya ya sayi izinin horas da manhajarsa da aikin kowa, ba ƙara, ba hani. Shawarar da wani kwamitin gwamnatin Indiya ya fitar a Disamban 2025 ta bi wannan layi: lasisi ɗaya na dole wanda ya game duk ayyukan da aka samu ta halaliyar hanya, mai aiki ba shi da ikon cewa a cire nasa, a madadin haka kuma a biya wani kaso ta hannun hukuma ɗaya idan manhajar ta fara kawo kuɗi.

Ga kamfani, musamman ƙarami wanda ba zai iya sayen lasisi dubu ba, wannan kwanciyar hankali ce, domin ya san abin da zai biya tun farkon shekara. Ga mai fasahar da ba shi da ƙarfin ciniki, da hanau gara mannau. Amma manyan kamfanonin waƙa da na littattafai ba sa so, saboda farashin da gwamnati ta yanka kusan kullum yana ƙasa da wanda za su samu a kasuwa. Akwai kuma masu fasahar da damuwarsu ba kuɗi ba ce sam. Mai zanen da ba ya son a koyi salon hannunsa, ko mawaƙin da ba ya son a kwaikwayi muryarsa, ba abin da cek zai yi masa. A yajin aikin Hollywood na 2023, wanda marubuta suka shafe kwana 148 suna yi, 'yan wasa kuma 118, abin da 'yan wasan suka nace a kai game da AI shi ne sai da yardarsu kafin a ƙera kamanninsu, sannan a zo maganar biya.

Daga can ɗaya gefen kuma akwai masu cewa babu dalilin biyan komai. Hujjarsu ita ce manhaja koyo take yi kamar yadda almajiri ke koyo daga karatun magabata, kuma ba a taɓa sanya wa kyamara haraji don ta rage wa masu zanen fuska ciniki ba. Suna ƙarawa da cewa injin ya taɓa akawu da mai amsa waya kamar yadda ya taɓa mawaƙi, to me ya fifita wani a kan wani? Amsar ɗaya ɓangaren ita ce kyamara ba da zanen kowa aka ƙera ta ba, wannan kuwa da aikin waɗanda take ture wa aka gina ta.

## Rabo

A ce an karɓi kuɗin. Wa za a ba?

Idan aka raba bisa yadda aka saba, wato gwargwadon yawan sauraro ko ciniki, to wanda ya fi kowa shahara shi zai kwashi mafi tsoka, alhali shi ne injin ya fi wuyar turewa. Waɗanda aikinsu ya fara ƙafewa su ne marasa suna: mai kiɗan talla, mai zanen bangon littafi, mai fassarar takardun kamfani, mai karanta sanarwa. Kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa. Idan kuma aka ce a raba bisa gudummawar da kowane aiki ya bayar ga abin da manhaja ta fitar, fasahar auna wannan ba ta nuna ba tukuna.

Hanya ta uku ita ce a manta da wane ne aka kwafa, a tallafa wa masu aiki a yau. Ireland ta gwada wani abu mai kama da haka tun 2022, inda ta zaɓi masu fasaha 2,000 tana ba kowannensu Yuro 325 a mako. Amma daga kasafin gwamnati kuɗin ke fita, ba daga kamfanonin AI ba, kuma an zaɓi mutanen ne ta hanyar ƙuri'a daga cikin waɗanda suka cancanta, abin da ke nuna cewa ko ƙasa mai arziki ba ta iya ɗaukar kowa ba.

Sai tambayar iyaka. Manhajojin nan sun karanta abin da aka rubuta a ko'ina a duniya, har da Hausa. Idan Faransa ko Jamus ta karɓi haraji ta zuba a asusun raya al'adunta, marubuciyar da ke Kano wadda labarinta ke yawo a intanet ba ta cikin lissafi. Hanyar da kuɗin haƙƙin mallaka ke tsallaka iyaka ita ce yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe, kuma wanda bai yi rajista da kowace ƙungiya ba, babu sunan da za a aika wa kuɗi.

## Yadda zai taɓa aljihun mutane

Tarihi ya nuna kamfani ba ya haɗiye haraji shi kaɗai. Da Faransa ta sanya kashi 1.2 cikin ɗari a kan manhajojin sauraren waƙa a 2024 don tallafa wa cibiyar kiɗa ta ƙasa, Spotify, ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, ya janye tallafinsa daga bukukuwan waƙa biyu na ƙasar, ya kuma ƙara wa Faransawa kuɗin wata. A kan rajistar dala 20 a wata, harajin kashi biyu cikin ɗari santi 40 ne, ba abin da zai hana mai hali barci ba. Inda za a fi jin sa shi ne idan kamfanoni suka rage abin da suke bayarwa kyauta, domin a nan ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa suke.

Akwai siyasa kuma. Yawancin manyan kamfanonin AI na Amurka ne, gwamnatin Amurka kuma tana kallon irin wannan haraji a matsayin hari a kan kamfanoninta. A Yunin 2025 Kanada ta soke harajinta na kashi uku a kan manyan kamfanonin intanet ana gab da fara karɓa, bayan Shugaba Donald Trump ya dakatar da tattaunawar kasuwanci da ita. Ƙasar da ba ta kai Kanada ƙarfi ba za ta yi wannan lissafi kafin ta motsa.

A Najeriya, kayan aikin suna nan a takarda. Tun 2012 aka fitar da umarnin karɓar kuɗi a kan na'urori da kayan da ake kwafi da su, aka shafe shekaru ba a aiwatar ba, sannan dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris 2023, ta sake tabbatar da tanadin. Karɓar kuɗi daga kamfanonin waje ma ba sabon abu ba ne, tunda tun 2022 suke tara wa gwamnati harajin VAT na kashi 7.5 a kan hidimomin intanet. Inda gizo ke saƙar shi ne rabo. Kuɗin haƙƙin mallaka ta hannun ƙungiyoyin da hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, ta amince da su yake bi, irin su MCSN a fagen waƙa, AVRS a fim, da REPRONIG a littattafai, kuma rigimar wace ce halattacciyar mai karɓar kuɗin waƙa tsakanin MCSN da wata ƙungiyar mai suna COSON ta ci shekaru a kotu.

Sana'o'in da hasashen CISAC ya sa a sahun gaba na haɗari, wato fassara da ɗora murya, su ne ainihin abin da masu Indiya-Hausa ke ci da shi. Su da marubutan da ke sayar da labari babi-babi ta WhatsApp, da mawaƙan da ke sakin waƙa kai tsaye a YouTube da TikTok, yawanci ba ta rajistar wata ƙungiya kuɗinsu ke zuwa ba. Duk dokar harajin AI da ta ce a raba wa "mambobi" kawai, to ta riga ta yanke hukunci a kansu tun kafin a karɓi kobo na farko.